Tun da maigidana ya rasu farin ciki ya bar ni: anya ina da rai madawwami?

Wata 'yar'uwa daga Kudancin Kaduna ta rubuto mana. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Shekaruna 43. Maigidana ya rasu wata 14 da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu, da ɗinki nake ciyar da su. An yi mini baftisma tun ina budurwa, kuma da ni ce mai ɗaga waƙa a Zumuntar Mata. Yanzu in na durƙusa addu'a, baki ne kawai ke motsi. Ran Lahadi kowa na rawa, ni ina tsaye kamar an dasa icce. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, shi ke nan ni da barci. Na je wani taron addu'ar dare, mai wa'azi ya ce duk wanda ba shi da farin ciki Ruhu ya bar shi, ko dai yana ɓoye zunubi ko akwai la'ana a gidansu. Ya ce a yi azumin kwana bakwai ba ci ba sha, a kuma shuka iri da kuɗi. Ran kwana na uku na yanke jiki na faɗi a bakin keke. In na mutu a haka, ina za ni?"

'Yar'uwa, sannu da rashi, sannu da haƙuri. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran.

Bari mu fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ke hana ki barci. In har Yesu Almasihu ne kika dogara gare shi domin gafarar zunubanki, wurinsa za ki, ko da kuwa ranar ta same ki da hawaye a fuska. Ki buɗe Yohanna 5:24 ki karanta a hankali, ki ƙirga sharuɗɗan da yatsa. Biyu ne: jin maganarsa, da gaskata wanda ya aiko shi. Mai waɗannan biyun, in ji Yesu, yana da rai madawwami, ba za a kai shi ga hukunci ba, ya riga ya ƙetare daga mutuwa zuwa rai. Ki lura da "ya riga". Magana ce a kan abin da ya auku ya wuce, kuma murna ba ta cikin sharuɗɗan. A Yohanna 17:3 Yesu ya faɗi ko mene ne rai madawwamin: sanin Allah makaɗaici na gaskiya, da Yesu Almasihu wanda ya aiko. Wato tun a nan duniya ake fara shi, kuma kin fara naki tun kafin ki san maigidanki. Sa'an nan a 10:28 da 29 ya ce ba mai iya ƙwace tumakinsa daga hannunsa, ko daga hannun Uban.

Kin goyi yara huɗu, don haka kin fi mu sanin wannan. Yaron da ke bayanki, wata rana yana wasa da kitsonki, wata rana zazzaɓi ya sa ya saki jiki ko wuyansa ba ya iya riƙewa. A ranakun nan biyu majanyi ɗaya ne ke ɗaure da shi, bayan kuma na uwa ɗaya ne. Ba ki taɓa kwance goyo kin ajiye a hanya don yaro ya daina dariya ba. Ranar da ya saki jiki ma sai ki ƙara tamke ɗaurin. Ke ce kika saki jiki yanzu, wanda ya goye ki yana nan yadda yake.

Shi kuwa mai wa'azin nan, ba mu san shi ba, ba kuma za mu shiga zuciyarsa ba. Amma abin da ya koyar kuskure ne, kuma ya cuce ki. In rashin murna alama ce Ruhu ya bar mutum, yaya za a yi da Yesu da ya yi kuka a kabarin Li'azaru, alhali ya san ba da jimawa ba zai tashe shi? Yaya za a yi da daren Getsamani, inda ya gaya wa almajiransa uku cewa ransa na baƙin ciki har kamar ya mutu? Bulus ya rubuta a 2 Korintiyawa 1:8 cewa wahalar da ta same su a Asiya ta fi ƙarfinsu har suka fid da rai. Da aka jejjefe Istifanas, masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki mai zafi, Littafi Mai Tsarki kuma bai zarge su ba. Abin da 1 Tasalonikawa 4:13 ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege. Baƙin cikin kansa an bar mana shi.

Batun la'ana kuma, almajirai sun taɓa yin irin wannan lissafin a kan mutumin da aka haifa makaho, suna tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Abokan Ayuba sun nace cewa lalle yana ɓoye wani laifi, a ƙarshe Allah ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Kuɗi kuwa, da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya. Yana nan a Ayyukan Manzanni 8. Baikon da kike bayarwa a ikilisiyarku da yardar rai wani abu ne dabam, godiya ce. Amma duk wanda ya yanka wa gwauruwa farashi a kan farin ciki, kuɗin makarantar marayu yake karɓa. Kada ki koma wurin, kada kuma ki aika da ko sisi.

Yanzu ga jikinki, kuma mun sa shi a gaba da gangan. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi, ya nuna masa waina da butar ruwa, ya bar shi ya sake barci, ya kuma tashe shi ya ƙara ci. Sai da ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb sa'an nan aka shiga magana. Ki bi wannan tsarin. Ki ajiye azumi gaba ɗaya a yanzu. Mace mai taka keke yini guda, ga rashin barci, ga zafi, in ta hana kanta ruwa kwana uku, jininta zai sauka, sukarin jikinta zai faɗi, ƙodarta ma na iya taɓuwa. Shi ya sa kika faɗi. Ki ci sau uku a rana ko ba kya jin yunwa, ko da koko da ƙosai ne da safe, ki ajiye ruwa kusa da keke kina kurɓa.

A cikin makon nan ki je asibiti. Ki roƙa a auna miki hawan jini, da sukari, da yawan jinin jikinki, domin ƙarancin jini kaɗai na iya sa kasala da faɗuwar gaba wanda mutum zai ɗauka ciwon ruhu ne. Ki kuma gaya wa likita waɗannan da bakinki, kada ki jira ya tambaya: tun yaushe kike farkawa ƙarfe uku, ko kin rame, ko abin da da yake ba ki daɗi ya daina, ko kina jin ba ki da wani amfani. Makoki yakan zo ya tafi kamar hadari, yau ya taso gobe ya lafa, a tsakani har mutum ya yi dariya. Amma in nauyin ya zauna kusan kullum, yini guda, har ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, to yana iya zama ciwon damuwa ya hau kan makokin, shi kuwa ciwo ne da ake magani kamar hawan jini. In asibitin kusa da ku ba su da mai duba wannan, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa na Jos da Zariya. Zuwa can ba ya nufin hauka. Masu rashin barci da masu damuwa suna zuwa su ga likita su koma gida a ranar.

In an ba ki magani, ga inda mutane suka fi yin kuskure. Irin wannan maganin ba ya aiki ran da aka fara sha. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ga canji, sai mutum ya sha kwana biyar ya ce bai karɓe shi ba ya watsar. Wasu kuma da sun ji sauƙi sai su tsaya farat ɗaya, ciwon ya dawo. Yawanci akan ci gaba da sha wajen wata shida bayan an warware, kuma likita ne ke rage shi sannu a hankali. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki, yana kama jiki, in ya kama barinsa aiki ne. In kuwa tunanin kashe kanki ya taɓa zo miki, ko sau ɗaya ne, ki gaya wa wani babba a ranar, a fitar da maganin feshi da na ɓera daga gidan, a raka ki asibiti ba tare da jiran gobe ba. Zuwan tunanin ba ya raba ki da Allah. Iliya ya roƙi mutuwa, Allah ya ciyar da shi ya kuma sake ba shi aiki.

To, addu'ar da kika ce baki ne kawai ke motsi fa? Ki bar bakin ya ci gaba da motsi, amma ki rage masa kaya. Minti goma da safe kafin yara su tashi, minti biyar da dare, ya isa. Tun da kalmominki sun ƙafe, ki ari na Zabura, don haka aka ajiye mana su. Mako biyun farko ki riƙa juya guda huɗu: 13, 42, 43 da 88, ɗaya kowace safiya, da murya yadda kunnenki zai ji. Zabura 13 aya shida ce kacal, kuma tsarinta shi ne tsarin addu'ar mai makoki. A aya biyun farko Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu. A biyun tsakiya ya roƙi abin da yake so. A biyun ƙarshe ya ce duk da haka ya dogara ga ƙaunarsa. Ki yi naki haka: kuka, roƙo, dogara. Ki faɗi kukan da sunansa, kuɗin haya ne, ko gefen gadon da ba kowa. Ran da kika kasa kaiwa ga kashi na uku, ki karanta 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko aya ɗaya ta murna a ƙarshenta. Allah ya yarda aka sa ta cikin littafin waƙoƙin jama'arsa domin irin wannan ranar.

Bayan mako biyu ki shiga Bisharar Yohanna, sura ɗaya a rana. Surori 21 ne, mako uku ke nan, amma in kin kai sura 11, da 14 zuwa 17, ki ba kowace kwana biyu. Wasiƙar Filibiyawa ki jinkirta ta tukuna. Ita ce mai cewa a yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, kuma a halin da kike za ki ji ta kamar bulala. In lokacinta ya yi, ki tuna daga kurkuku aka rubuta ta, kuma a cikinta ne Bulus ya ce da abokin aikinsa Abafroditus ya mutu, da baƙin ciki ya hau masa kan baƙin ciki.

Abin da ya fi ɓata wannan tsarin shi ne awo. Mutum ya gama addu'a sai ya tsaya yana lalube a ƙirjinsa ko ya ji wani abu, in bai ji ba ya ce ba a karɓa ba. Wanda ya shuka gyaɗa yana tone ta kowace safiya don ya ga ko ta yi saiwa, da hannunsa zai kashe ta. Ki karanta, ki roƙa, ki ce amin, ki tashi ki hura wuta. In kin tsallake kwana biyu kada ki ce sai kin rama, ki ɗora daga inda kika tsaya. Ƙarfe ukun dare kuma ba lokacin yanke wa kanki hukunci ba ne, domin a wannan sa'ar ƙaramin abu ma dutse yake zama. Ki haddace rabin aya ɗaya, ƙarshen Yohanna 6:37, inda Yesu ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan, ki riƙa maimaita ta a hankali. In rabin awa ta wuce barci bai zo ba, ki tashi ki zauna a kujera har ido ya yi nauyi. Waya kuwa ki bar ta inda take, musamman bidiyon masu wa'azin la'ana da mafarkai.

Ba za mu ce zunubi ba ya ɗauke farin ciki ba, yana ɗaukewa. Dawuda ya ce da ya yi shiru da laifinsa, ƙasusuwansa suka lalace. Amma dubi abin da ya roƙa a Zabura 51:12 bayan babban zunubinsa: a mayar masa da farin cikin ceto. Don haka ki yi binciken sau ɗaya, da kyau. Ki ware rabin awa da takarda da biro, ki roƙi Ubangiji ya nuna miki. Abin da Ruhu Mai Tsarki ke nunawa yana da suna da rana da wanda aka yi wa: ƙaryar da aka yi wa mai kaya a kan yadinsa, gabar da ake yi da wata. Irin wannan ki furta shi, ki gyara abin da ke gyaruwa, ki tsaya a kan 1 Yohanna 1:9, ki yaga takardar. Zargin da ba shi da suna, wanda kawai ke cewa ke ba ta kirki ba ce, ba a tuba daga gare shi domin ba abin da za a kama. Gajiya ce da muryar Shaiɗan, mai zargin 'yan'uwa. Gwauraye da yawa suna ɗauke da "da na sani": da na kai shi asibiti da wuri, da ban yi masa faɗa ran nan ba. Kin yi abin da kika sani a lokacin da ba ki san gobe ba. In kuma akwai fushi da Allah a ranki, ki gaya masa kai tsaye. Na'omi ta faɗa a gaban matan Baitalami cewa Mai Iko Dukka ya sa ranta ya yi ɗaci, a daina kiranta Na'omi a kira ta Mara, wato mai ɗaci, Allah kuwa bai yashe ta ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ki zaɓi mata biyu a Zumunta, ba duka ƙungiyar ba, masu riƙe magana, ɗaya ta kasance wadda ta yi rashin miji shekaru da suka wuce. Ki ba su aiki takamaimai: ɗaya ta zo shago ran Laraba ta zauna awa ɗaya, ɗaya ta biyo miki ran Lahadi ku tafi sujada tare. Mutane na son taimako, ba su san ta inda za su kama ba ne. Ki ga fastonku tare da matarsa ki gaya musu abin da kika gaya mana, har da zancen taron daren. In har yanzu ana sa ki ɗaga waƙa, ki nemi hutun wata uku, amma kada ki bar zuwa. Ki zauna a inda kike so, in an tashi rawa ba dole ki tashi ba, ki bar muryar 'yan'uwa ta ɗauki taki. Jibin Ubangiji kuma, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, kada ki ƙaurace masa don kina ganin ba ki cancanta ba. Gargaɗin 1 Korintiyawa 11 an yi shi ne ga waɗanda suke riga wasu ci har su bugu, suna kunyata marasa abin hannu. Mai karyayyar zuciya, domin ita aka shimfiɗa teburin.

Wani ɓangare na nauyin nan kuɗi ne, kuma ba daidai ba ne a mai da shi duka batun ruhaniya. Ki rubuta a takarda ɗaya kuɗin makarantar kowane yaro na zango, da haya, da bashin da ke kanki, da abin da keke ke kawowa a wata, ki kai wa dattawan ikilisiya. Wannan ba bara ba ce. Ikilisiyar farko a Urushalima ta zaɓi mutum bakwai musamman saboda an yi sakaci da gwauraye wajen rabon abinci. Ku kuma dattawa da kuke karanta wannan, ta'aziyyar mako guda da buhun masara ran jana'iza ba su ne ƙarshen aikinku ba. Shekara ta biyu takan zo wa gwauruwa da nata nauyin, lokacin da baƙi suka ɗauke ƙafa kowa ya ɗauka ta warke.

Yaran kuma, kada ki ɓoye musu hawayenki duka, kada sunan babansu ya zama abin da ba a faɗa a gidan. Ranar da ya rasu da lokacin Kirsimeti za su fi nauyi, don haka ki shirya musu tun da mako guda: wa zai zo, me za a dafa, wace Zabura za a karanta.

Farin cikin kansa, Galatiyawa 5:22 ta kira shi 'ya'yan Ruhu, 'ya'yan itace kuwa da lokacinsu suke zuwa. Dubi kuka da rani, ba ganye ko ɗaya, rassa tsirara kamar ta mutu, alhali cikinta cike yake da ruwa. Muna ganin ruwan a wasiƙarki. Wadda Ruhu ya bari ba ta kwana tana tsoron rabuwa da Yesu, ba ta kuma jan ƙafa zuwa sujada wata 14 ba tare da tana jin daɗin komai ba. Ba za mu yanka miki rana ba, domin ba mu da ita, kuma farin cikin da zai dawo ɗin ba lalle ya yi kama da na da ba. Bulus ya kwatanta kansa da mai baƙin ciki amma kullum yana murna, duka biyun a zuciya ɗaya, kuma irin wannan ne ya fi daɗewa, domin ya riga ya ga kabari bai mutu ba. Yawanci da kaɗan-kaɗan yake shigowa: ki tsinci kanki kina bin wata waƙa a kan keke, ko autanki ya yi wani abu ki yi dariya. In hakan ta faru kada ki ji kamar kin ci amanar marigayi. Ki ce na gode Ubangiji, ki ci gaba da ɗinkinki.

Gobe da safe ki karya kumallo, ki karanta Zabura 13, ki kira ɗaya daga cikin matan nan biyu ta raka ki asibiti. Bayan mako shida ki sake rubuto mana abin da likita ya ce, awa nawa kike barci, da surar da kika kai a Yohanna. Muna sa ki da yaran cikin addu'a.